Ciwon Cikin da Ya Bi Ni Dumyaɗ

Na sauka Alƙahira da jaka ɗaya, da takarda mai adireshi, da kwalbar farin maganin olsa wadda Maryam matata ta cusa a cikin safa don kada ta fashe a hanya. Sunana Sa'idu. Kafinta ne ni a unguwar Shamaki, kuma in gaskiya za a bi, kujera ce ta raba ni da Gombe.

Aiki na je wani sabon gida a Tumfure, irin gidajen nan da ake ginawa a tsakiyar gonaki, inda katanga ta ƙare nan masara ta fara. Ina ɗaura ƙyauren kicin sai na hango ta a falo, ko ledarta ba a cire ba. A jikin majinginarta an sassaƙa reshen inabi, ganye a kan ganye, har da 'yan jijiyoyin ganyen. Na durƙusa ina shafawa. Maigidan ya yi dariya ya ce, "Daga Masar aka kawo ta, malam. Hannun nan gida ba ya iya wannan." Bai faɗa da mugun nufi ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji shekara biyu. Da wani mai shirya wa mutane tafiya ya ce mini akwai makarantar sassaƙa a Alƙahira, wata shida, ga ɗaki ga abinci, har ya nuna mini hotuna a waya, ban tsaya dogon bincike ba. Na sayar da injin yankan katakona na miƙa masa.

Alƙahira

Mai tasi ya ajiye ni a wani lungu da benaye suka kusa haɗe kai ta sama, rana ba ta isowa ƙasa sai siririya kamar zare. Lambar da ke takardata tana jikin ƙofar wani shago. Na leƙa. Wani mutum ne mai ƙaton ciki yake guga, yana fesa wa riguna ruwa da bakinsa.

Na yi masa sallama, na tambaye shi makaranta da Larabcin da na koya a Islamiyya. Ya ajiye dutsen guga ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Suka sa na maimaita, suna dariya har da riƙe ciki. Sai daga baya na gane, a kunnensu kamar mutum ne ya fito daga cikin tsohon littafi ya zo tambayar hanya. Da ya karɓi takardar ya duba, dariyar ta ɗauke.

"Kai ne na uku," in ji shi. "Biyu sun zo bara da irin wannan takardar. Babu makaranta a nan, ɗana. Shekara talatin ina guga a shagon nan."

Na kira lambar mutumin nan na gida. A kashe. Na sake kira, na sake. Na zauna a kan jakata a bakin shagon, motoci suna ta ƙugi a babban titi, ni kuwa kamar an tsoma kaina cikin ruwa, komai daga nesa yake zuwa mini. Cikina ya kama da wuta daidai ƙahon zuci, inda ya saba. Na zaro kwalbar daga safa na kurɓa.

Mai gugar ya kawo mini shayi a ɗan kofin gilashi, ya tsaya a kaina yana share gumi. "In sassaƙa kake so, me ka zo yi Alƙahira? Tafi Dumyaɗ. Can ko jariri da guduma a hannu ake haihuwarsa."

Kwana huɗu na yi a ɗakin wasu ɗalibai 'yan Katsina da na haɗu da su a masallaci. Bakinsu ɗaya, in koma gida tun abin bai yi nisa ba. Na ce in koma in ce wa mutanen Shamaki me? A rana ta biyar na hau motar Dumyaɗ.

Dumyaɗ

Ban taɓa ganin ƙasa mai ruwa haka ba. Tun da muka bar birni kore ne hagu da dama, shinkafa da wata ciyawa mai laushi, ga magudanan ruwa suna bin gefen titi kamar rakiya suke mana. Balbelu suna tsaye a bayan wasu baƙaƙen shanu masu kama da ɓauna. Na ce ashe balbela ko ina ta je ba ta canza sana'a. Barci yana ɗaukata yana sakina, duk buɗe idon da zan yi sai in ga kamar hanyar Dadin Kowa ce aka wanke aka shimfiɗa.

Kafin ka ga Dumyaɗ za ka ji ta. Ƙwas-ƙwas-ƙwas ta kowane lungu, kamar yayyafi a kan kwano. Kekuna da amalanke suna wucewa da ƙasusuwan kujeru, ba fenti ba soso, an gwama su har suna neman taɓa wayar lantarki. Iskar garin ƙamshin katako take, da ɗan gishirin teku.

Shago tara suka kore ni. Na goma ya karɓe ni da fara'a, ya ce in fara da dakon katako, sati mai zuwa zai ba ni cizal, ƙarfen sassaƙa. Sati mai zuwan nan ya yi wata biyu bai iso ba. Ina sauke wani katako da suke kira zan daga mota, mai nauyi kamar dutse, ina share dusar katako, makwancina kwali a bayan shago. Duk lokacin da na tuna masa sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Bukra," wato gobe.

Da azahar in kowa ya tafi cin abinci, nakan zauna a bakin ƙofa da guntun katako da 'yar wuƙata, don ni abincin ba ya shiga. A tsallaken lungun akwai wani tsoho mai farin gashin baki, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, shi kaɗai yake aiki. Usta Abdulhamid ake ce masa, usta kuwa shi ne gwanin sana'a. Ashe ya daɗe yana kallona. Wata rana ya tsallako ya karɓe guntun katakon daga hannuna, ya kai shi kusa da tabarau.

"Wannan zanen na ina ne?"

"Na jikin ƙwaryar nono ne," na ce. "Haka matanmu suke yi wa ƙwarya ado."

Ya bi layukan da babban yatsa. "Hannunka ya san itace. Ga shi an mai da kai jaki." Ya juya ya kama hanya, sai da ya kai ƙofarsa ya waiwayo. "Ko jira kake in goya ka?"

A wurinsa na fara riƙe cizal na gaske. Yana da su sun fi arba'in, kowanne da irin bakinsa, jere a cikin wata tsohuwar fata. Bai iya koyarwa da baki ba. Sai dai ya ɗora hannunsa a kan nawa mu tura tare, ɓawon itacen ya nannaɗe ya faɗi kamar gashin jariri. Sati uku ina yin ganye ɗaya. In na gama ya duba ya ce, "Wannan ganyen bai taɓa jin iska ba," ya jefa shi kwandon shara.

Shi ciwon cikin nan tun ina ɗan shekara goma sha biyar muke tare. A Gombe wa ya rasa olsa? Kowa da dabararsa: wani kindirmo da sassafe, wani jar kanwa a ruwa, wani ya ce ka bar yaji da tsami, mai kemis ya miƙo maka farin magani. Mahaifina ma da ciwon ciki ya rasu a ƙauye, ya rame har mutum ɗaya yana ɗaga shi, ba wanda ya san sunan abin. Duk da haka ban ɗauki nawa a bakin komai ba. Amma a Dumyaɗ ya canza hali. Loma uku sai in ji na cika har wuya. Na huda wa bel ɗina sabon rami, na sake huda wani. Bayan gidana ya koma baƙi kamar kwalta, kunya ta hana ni gaya wa kowa. In na miƙe tsaye, lungun yakan karkace kaɗan kafin ya daidaita.

Wata Talata da hantsi ina fitar da furen wardi a jikin gadon amarya, sai na ga furen yana buɗewa da kansa, a hankali, ganye bayan ganye. Na tsaya ina kallo, har daɗi nake ji. Na so in kira Usta ya zo ya gani. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a bayan keken dakon kujeru, sama tana gudu a bisana, kaina a cinyar tsohon, yana ta yi wa direba tsawa.

Mansura

A asibitin garin aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, akwai inda yake zuba ta ciki. Aka ƙara mini jini, aka tura mu Mansura inda manyan asibitoci suke. Usta ya kulle shagonsa ya bi ni.

Likitar mace ce 'yar ƙarama, Dakta Huda, muryarta ba ta tashi. Da ta ji irin Larabcina ba ta yi dariya ba, sai ta koma yi mini magana da irinsa, a hankali, kamar malamar aji. Ta ce za su zura siririn tiyo mai fitila da kyamara ta bakina su leƙa tumbina. Aka yi mini allura a hannu.

Abin da na gani a ɗan barcin nan har yau ina iya zana shi. Ina bin shanun kakana a bakin kogi da rana tsaka, amma shanun na katako ne, an sassaƙa su da kyau, suna tafiya ba motsin ƙafa. Ruwan ya kai mini gwiwa, mai ɗumi. Can tsallake Dada mahaifiyata tana zaune a kan kujerar nan ta Tumfure, da ledarta, tana tsefe wa 'yata Ummi kai. Na ɗaga murya, ban ji muryata ba. Sai wani ya ce da Larabci, "Haɗiye, haɗiye," na haɗiye kogin.

Da na farka ta nuna mini hotuna. Ashe haka cikin mutum yake, ja-ja mai sheƙi kamar cikin gwanda. A wani gefe wurin ya yi kauri ya tattare, da 'yan gyambuna a kai. Ta ce sun tsinko ɗan nama za a duba. Kafin mu tafi aka saka ni a wata na'ura mai kama da bakin rami aka ɗauki hoton jikina, aka ce mu dawo bayan kwana goma.

Ranar da muka koma, ta sa aka kawo wa Usta kujera kusa da tawa. Da na ga haka na san ba lafiya.

"Abu biyu muka samu," in ji ta. Ta jawo takarda ta zana wani abu kamar 'yar tsutsa a murɗe, da 'yan gashi a gindi. "Wannan ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta. A cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi take zama, inda tsamin ciki ba ya iya kashe ta. Mutane da yawa a duniya suna ɗauke da ita har su tsufa ba ta yi musu komai ba. Wasu ta yi musu gyambo. Ita ce olsarka ta shekara da shekaru."

"Na biyun fa?"

"Jiki yana da masu tsaronsa, fararen ƙwayoyin jini." Ta taɓa gefen wuyanta. "Irin waɗanda suke taruwa a nan su kumbura in mutum ya ji ciwo." Na ce a raina, kaluluwa. "A ƙa'ida ba su da mazauni a tumbi. Da wannan ƙwayar ta shiga, sai suka zo yaƙarta. Ba su iya kashe ta ba, ita kuma ba ta tafi ba, suka zauna. Kullum tana tsokanarsu, suna ta hayayyafa. A cikin mutane ƙalilan, wasu daga cikin masu tsaron sai su daina jin magana, su yi ta yaɗuwa ba tsayawa. Shi ne kaurin da ka gani. Sunansa limfoma."

"Kansa ce? Ciwon daji?"

"Kansa ce. Amma zauna, ban gama ba."

Ban ma san na miƙe ba. Ta taga ina hango wata mata a saman bene tana shanya, tana kaɗe farin zani, iska tana cika shi. Na ga mahaifina a kan tabarma. Na ga Ummi, shekararta huɗu, ta girma tana tambayar uwarta yaya muryata take.

"Taka mai tafiyar hawainiya ce," ta ci gaba, "kuma hoto ya nuna ba ta fita daga tumbi ba. Irin wannan, a farkonta, da ƙwayar cutar take dogara. In muka kashe ƙwayar, sau da yawa ita ma sai ta janye da kanta. Don haka ba yanka, ba ƙarin ruwan maganin kansa. Ƙwayoyi zan ba ka na sati biyu."

Na kalli takardar maganin. Na tuna hotunan makarantar da babu ita. Na tuna bukra. Wani abu ya taso mini wanda ya fi tsoro zafi.

"Likita," na ce, "sau biyu an cuce ni da magana mai daɗi a tafiyar nan. Ki gaya mini gaskiya. Don ni baƙo ne ba ni da kowa shi ya sa za ki sallame ni da maganin mura? Na ga masu kansa a garinmu. Ba a warkar da ita da ƙwayar sati biyu. In mutuwa zan yi, ki faɗa mini in tafi in mutu a gaban uwata."

Usta ya buga tafin hannunsa a gwiwa. "Ba ka da kowa? Ni kujera ce a nan?"

Ita kuwa ba ta ɓata rai ba. Ta cire tabarau ta ajiye. "Waɗanda suka cuce ka alkawari suka yi maka, ko ba haka ba? Ni ba zan yi maka ba. Akwai waɗanda ba ta janye musu. In kana cikinsu, akwai gashi da haske, akwai wasu magunguna, kuma suna aiki. Amma da ƙanena ne a kujerar nan, da wannan zan fara masa. Sharaɗi ɗaya: kada ka tsallake ko ƙwaya ɗaya. In ka yi wa ƙwayar cutar rabin duka, za ta tashi ta fi da taurin kai."

Ɗakin sama

Usta bai nemi shawarata ba, ya kwaso jakata ya kai gidansa. Suka ba ni ɗakin ɗansu da ke aiki a wata ƙasa, a saman bene, tagarsa tana kallon kogin Nilu. Matarsa Hajja Su'ad ta karɓe magungunan daga hannuna ta zuba a aljihun rigarta. Safe da rana da yamma zan ji takunta a matakala, tana hawa tana hutawa saboda ciwon gwiwa, da farantin shinkafa mai laushi da romon kaza, ƙwayoyin kuma a murfin kofi. Ba ma jin maganar juna sosai. Takan tsaya sai na haɗiye, sannan ta ce in buɗe baki ta gani.

Kafinta ya san ɗanɗanon ƙusa, don a baki muke riƙe ta. To kwana goma sha huɗu na yi da ɗanɗanon ƙusa a bakina. Harshena ya yi baƙi. Ruwa ɗaci, shayi ɗaci, zuciya tana tashi. A kwana na shida na ce mata na gaji, yau kam a ƙyale ni. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora murfin kofin a gwiwarta, ta fara jan carbi. Aka kira la'asar tana nan. Na ga dai tsohuwar nan ba sauka za ta yi ba, na miƙa hannu.

Sauran lokacin a taga nake yinsa. Kogin a nan ya gaji, ya kusa isa inda za shi, yana tafiya kamar ba ya so. Jiragen ruwa masu farin ƙyalle suna wucewa ba ƙara. Bugun guduma daga lunguna yakan zo a hankali ya rikiɗe ya zama sautin daka, in ji kamar in na leƙa ƙasa tsakar gidanmu zan gani, Maryam tana tankaɗe, akuyar maƙwabta ta shigo ana korarta. Wani lokaci nakan dafa cikina in yi ta tunanin abin da ake yi a ciki: 'yan murɗaɗɗun nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, su kuma masu tsaron suna tsaye cirko-cirko, ba wanda ya gaya musu yaƙi ya ƙare.

Maryam ban gaya mata ba. In ta kira ta bidiyo sai in nisanta wayar, in ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce, "Baban Ummi, wuyanka ya yi tsawo." Na ce abincinsu ne ba mai.

Inda kogi ya ƙare

Sati shida bayan na gama magani aka ba ni wani ruwa na sha, na hura iska a 'yar jaka. Sakamako ya fito, ƙwayar ta mutu. Abinci ya fara shiga. Wutar nan ta ƙahon zuci, wadda na ɗauka haka kowa yake ji, ta mutu murus, har nakan tsaya ina lalubenta. Na koma shago da ƙarfina, a ganina an gama.

A wata na uku aka sake zura tiyo. Dakta Huda ta ce, "Tana nan."

"Amma kin ce ƙwayar ta mutu."

"Ta mutu. Ita limfomar ba ta da sauri. Ba ta ƙaru ba, abin da nake so in gani ke nan. Wasu sai sun shekara. Mu jira."

Ranar ban koma shago ba. Na hau mota zuwa Rasul Bar, inda Nilu yake shiga teku. Akwai wata doguwar hanyar duwatsu da ta kutsa cikin ruwa, na bi ta har ƙarshe. Ruwan kogi mai duhun kore a gefe ɗaya, na teku shuɗi a ɗayan, sun haɗu amma kowanne yana riƙe da launinsa har wani nisa, sannan ido ya kasa raba su. Lokacin sanyi ne, ba kowa sai masu kamun kifi. A nan na kira Maryam na gaya mata komai, tun daga kan mai guga.

Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta jefo tambaya.

"Wata nawa kana haɗiye wannan kai kaɗai?"

"Ban so hankalinki ya tashi ba."

"To yanzu a kwance yake?" Na ji tana jan hanci. "Kai a ganinka ni ado ce a gidan nan? Ina ta yi maka addu'ar buɗi, ashe ta lafiya ya kamata in yi." Can ta ce, "Ka dawo gida."

"In na dawo yanzu, likitar da ta san ciwon tana nan."

"To ka zauna. Amma kullum in ga fuskarka kusa, ba daga nesa ba. Dada kuma ni zan gaya mata, kai ba ka iya faɗin magana ba."

Jiran nan ya fi duk abin da ya gabata tsawo. Na tsaya a layin sabunta takardar zama har ƙafata ta sage, aka ce in dawo, na dawo. Sallah ta same ni a can cikin riga ɗaya. Kewar miyar kuka ta taɓa tsayar da ni a kasuwa ina shinshina wani koren gari a buhu har mai shago ya fara yi mini kallon taɓaɓɓe, ashe lalo ne. Na sayo, Hajja Su'ad ta dafa mini, na ci ina lumshe ido ina yi wa kaina ƙarya. Usta ya ga ina sassaƙa ina kallon bango, sai ya jawo wani faffaɗan katako da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce in cika shi da ganye, ba mai saye, ba ranar gamawa. Wata biyar na yi a kansa. Ranar da na ajiye cizal ya duba ya duba, amma bai kalli kwandon shara ba.

A wata na shida likita ta ce limfomar ta ragu. A na goma sha ɗaya ta juyo mini da fuskar kwamfuta, bangon tumbin sumul, ba kauri ba tattara. Naman da suka tsinko ma ba a ga komai a cikinsa ba. Usta ya tashi ya fita wai zai sha taba, shi da ya bar taba tun kafin a haife ni.

"Ba a ce an rabu ke nan ba," in ji ta. "Za a riƙa leƙawa lokaci-lokaci, har shekaru. Zan rubuta maka takarda ka kai wa likitocin garinku."

Ina tattara takardun na yi mata tambayar da ta daɗe a raina. "Ita ƙwayar, a ina na samo ta?"

"Galibi tun ana yara ake ɗauka, a gida. Ta ruwan sha, ta yawu, daga uwa zuwa ɗa, daga wa zuwa ƙane. Ba laifin kowa ba ne. Amma in akwai mai fama da ciki a gidanku, a gwada shi."

Ranar tafiya Usta ya naɗe cizal bakwai a tsumma ya cusa mini a jaka, ya ce tsofaffi ne, dama zubarwa zai yi. Hajja Su'ad ba ta sauko ba. Daga taga ta ɗaga mini hannu, sannan ta ja labule.

Hammadu Kafi

Wata shida na ce zan yi, na yi shekara ɗaya da rabi.

Dada a Hammadu Kafi take zaune, wurin Adda babbar yayata. Sai da na yi sati uku ina lallashi kafin ta yarda muka je asibiti, ita da Adda da Maryam. Ta ce ita cikinta ya saba da halinsa, in ta ci abinci ya yi mata zafi ta dafe shi ya wuce. Na Maryam ya fito ba komai. Dada da Adda duk suna da ita. Aka leƙa cikin Dada, gyambo ne kawai, alhamdu lillahi, aka rubuta mata irin ƙwayoyin nan.

A keken komawa gida Dada tana ta kallon hanya, ledar magani a cinyarta. Da muka isa gida ta ce Adda ta shiga ciki. Ta zauna a gindin dogon yaro ta nuna mini tabarma.

"Sa'idu."

"Na'am, Dada."

"Likitan ya ce ta yawu ake ɗauka."

"Ya ce har da ruwa. Rijiya ɗaya muka sha dukkanmu."

"Na ji abin da ya ce." Ta juya ledar a hannunta. "Kai ka yi jinkirin haƙori. Aka yaye ka ba ka iya tauna komai. In an samu ɗan nama, ko gyaɗa, ni nake tauna maka, in ciro da yatsa in sa maka a baki. Ta nan ne?"

Na buɗe baki in ce mata ba wanda zai iya sani. Gaskiya ce kuma. Amma idonta yana kaina, irin kallon da tun ina yaro ba a yi masa kwana-kwana.

"Zai iya yiwuwa, Dada."

Ta gyaɗa kai a hankali. Wata kaza ta zo ta ratsa ta tsakaninmu ta wuce. Na matsa na riƙe ƙafarta.

"Shekarar da ƙyanda ta shigo ƙauye ce," ta ce. "'Ya'yan mutane suna ta tafiya. Kai ma ka koma fata da ƙashi, duk abin da aka ba ka sai ka dawo da shi, sai wanda ya fito daga bakina." Ta share ido da bakin mayafi. "Ko da na sani, da sai na tauna maka."

"Na sani, Dada."

"To." Ta fara kwance ƙullin ledar da haƙori. "Tashi ka ɗebo mini ruwa. Wanne ake fara sha?"